Leaflet, MapLibre, Google Maps ko OpenLayers: wace taswira za ka ɗora wa manhajarka?

Duk mai gina manhajar yanar gizo, ko ba daɗe ko ba jima sai an buƙaci ya saka taswira. Masu kai kaya suna son abokin ciniki ya ga inda direba ya kai, masu hayar gidaje suna son a ga gidajen da ke kusa, ƙungiyar agaji tana son nuna wuraren da ta yi aiki. Abin da magini kan fara tambaya shi ne wane laburare zai ɗauko, wato kayan shirin da wasu suka riga suka rubuta don wannan aiki. Tambaya ce mai kyau, amma akwai wadda ta riga ta: daga ina ita kanta taswirar za ta fito, kuma wa zai biya kuɗinta ranar da masu ziyara suka yi yawa? Wanda ya amsa wannan ya ci rabin aikin zaɓin.

Dalili kuwa shi ne, abin da muke gani a shafi muna ce masa taswira abubuwa uku ne aka haɗa. Na farko laburaren JavaScript da ke zana ta a burauza, yana amsa jan yatsa da kusantowa da nisantawa. Na biyu ita kanta taswirar ƙasa, wato tituna da koguna da sunayen garuruwa. Wannan ba ta zuwa a dunƙule. Ana yanka ta ƙanana-ƙanana masu kusurwa huɗu, burauza ta ɗauko waɗanda ake buƙata ta jera su kamar yadda ake jera tayil a daɓen ɗaki. A matakin kusanci na sifili duniya gaba ɗaya tayil ɗaya ce mai fiksel 256 tsawo da faɗi, kuma duk matakin da aka ƙara adadin yana ninkuwa sau huɗu, ta yadda a mataki na 10 kaɗai tayil 1,048,576 ake da su. Dole wani ya ajiye su, ya kuma riƙa aika wa duk wanda ya nema, a nan kuɗi ke shigowa. Na uku su ne hidimomin bayan fage: neman adireshi, mayar da adireshi lambobin wuri, da lissafin hanya daga nan zuwa can. Google da Mapbox suna ba ka ukun a ƙunshi ɗaya su caje ka. Leaflet da MapLibre da OpenLayers kyauta ne, amma na farkon kaɗai suke ba ka, sauran biyun kai za ka nemo.

Leaflet ne akasarin mutane ke fara haɗuwa da shi. Volodymyr Agafonkin, ɗan ƙasar Yukren, shi ya rubuta shi, ya fito a 2011, kuma har yau bai kauce daga manufarsa ba: ya yi abubuwa kaɗan amma ya yi su da kyau. Nauyinsa idan an matse shi kusan kilobait 42 ne, wato bai kai hoto guda na yawancin shafuka ba. Lasisinsa na BSD ne, kana iya saka shi a aikin kasuwanci ba tare da ka nemi izinin kowa ba. Da layi biyar ko shida za ka ga taswira ta bayyana da alama a kanta, ka danna alamar bayani ya fito. Ba ya buƙatar waya mai ƙarfi, domin hotuna kawai yake jerawa, abin da kowace burauza ta iya tun da daɗewa.

Inda Leaflet ke gajiya shi ne wajen yawa. Kowace alama da ka saka abu ne mai zaman kansa a jikin shafin, burauza tana ɗawainiya da shi kamar yadda take yi da kowane hoto ko maɓalli. Alamomi ɗari biyu ko uku ba komai ba ne. Idan suka kai dubbai sai ka ga taswirar tana jan ƙafa, musamman a ƙananan wayoyi. Akwai magani: Leaflet.markercluster yana tattara alamomin da ke kusa da juna su zama da'ira ɗaya mai lamba, kuma idan ka kunna preferCanvas ka yi amfani da ƙananan da'irori maimakon hotunan alama za ka samu sauƙi sosai. Amma akwai abubuwan da ba a gina shi don su ba tun asali. Ba ya juya taswira, ba ya karkata ta a ga gine-gine a tsaye. Sannan tayil ɗin da ya saba da su hotuna ne da aka riga aka zana, sunayen garuruwa da launin tituna duk a manne suke a jikin hoton. Idan mai aikin ya ce yana son sunayen su fito da wani harshe, ko yana son taswira mai duhu don dare, ba ka da yadda za ka yi sai ka nemo wasu tayil ɗin daban. Wani abin lura kuma, ƙarfin Leaflet yana cikin ɗaruruwan ƙarin kayan da mutane suka rubuta masa, amma ba dukansu ake kula da su ba. Kafin ka jingina aikinka a kan ɗaya, duba yaushe aka taɓa shi na ƙarshe.

MapLibre GL JS kuwa labarinsa a haɗe yake da na Mapbox, kuma ya kamata a san shi domin yana nuna irin haɗarin da ke cikin wannan zaɓi. Shekaru da dama Mapbox GL JS buɗaɗɗen laburare ne, kowa na ɗauka kyauta. A watan Disamba na 2020 kamfanin ya fitar da siga ta biyu da sabon lasisi: dole ka buɗe asusu, ka saka mabuɗinsu, wato lambar da ke shaida asusunka, kuma duk lokacin da taswira ta buɗe a shafinka ana ƙirga maka, ko da tayil ɗin daga sabarka suke fitowa. Cikin 'yan kwanaki wasu magina suka ɗauki siga ta ƙarshe mai lasisin BSD, wato 1.13, suka ci gaba da ita da sunan MapLibre. Yanzu aikin ya tsaya da ƙafafunsa, manyan kamfanoni irin su Amazon da Meta da Microsoft sun tallafa masa da kuɗi, ya samu zanen tuddai da kwari, kuma siga ta biyar tana iya nuna duniya a mulmule.

Bambancinsa da Leaflet ya fi ƙarfin suna. MapLibre yana amfani da WebGL, wato injin zane na waya ko kwamfuta ne ke aikin. Tayil ɗin da yake karɓa kuma ba hotuna ba ne, bayanai ne: ga layin wannan titi, ga sunansa, ga nau'insa, ga iyakar wannan gini. Ana ce musu tayil na bekta. Yadda za su fito a ido yana cikin wani fayil na JSON da ake kira salo, kuma wannan fayil a hannunka yake. Kana iya cewa manyan tituna su zama ruwan goro, a ɓoye tashoshin mai, a nuna asibitoci tun daga nesa, sunayen wurare su fito da Faransanci ga wannan mai ziyara da Larabci ga wancan, duk daga tayil iri ɗaya. Idan an juya taswirar sunaye suna tsayuwa daidai maimakon su kife. Kusantowa tana tafiya sumul, babu tsalle daga mataki zuwa mataki. Ɗigo dubu goma ko ashirin da za su durƙusar da Leaflet, MapLibre yana zana su ba tare da ya nuna gajiya ba, kuma tattara alamomi a cikinsa yake, saiti ɗaya kawai za ka kunna.

Wannan duka da tsadarsa. Laburaren ya ninka Leaflet nauyi sau da yawa, abin da mai raunin intanet zai ji a jikinsa. Wayar da injin zanenta ya tsufa tana iya yin zafi ko ta nuna fili babu komai. Burauza tana iyakance adadin zanen WebGL da za a buɗe a lokaci guda, saboda haka shafin da ke da ƙananan taswirori ashirin, ɗaya a gaban kowane gida ko shago, bai dace da MapLibre ba. Hoton taswira mara motsi ya fi dacewa da irin wannan. Koyonsa ma yana ɗaukar lokaci, sai ka fahimci bambancin tushen bayanai da shimfiɗar da ke zana su, da ƙaramin yaren sharaɗi da ake rubuta salo da shi. Akwai kuma batun haruffa da mutane kan manta har sai sun gani da idonsu: MapLibre yana ɗauko siffofin haruffa ne daga fayilolin da salon ya nuna masa, idan babu harafi a cikinsu sai ya bar gurbinsa fayau. Wanda bayanansa ke ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ ya tabbata ya zaɓi rubutun da ya ƙunshe su, irin Noto Sans. Rubutun da ke tafiya daga dama zuwa hagu, kamar Larabci, shi ma yana da ƙarin fayil da ake kunnawa kafin haruffan su haɗu daidai. Duk da haka, in aka tambaye ni abin da sabon aiki mai niyyar girma ya kamata ya fara da shi, MapLibre zan ce. Wahalar koyon ta mako ɗaya ko biyu ce, 'yancin sauya mai ba ka tayil ba tare da ka sake rubuta manhaja ba kuwa na tsawon rayuwar aikin ne.

Shi Mapbox GL JS na yanzu ba sai an ja magana a kansa ba. Ɗan'uwan MapLibre ne, yawancin abin da ka koya a ɗaya zai yi maka aiki a ɗayan. Abin da kake biya shi ne kyan salo da aka riga aka gama, da Mapbox Studio inda mai zane zai gyara taswira ba tare da ya rubuta komai ba, da neman adireshi da lissafin hanya duk a asusu ɗaya. Buɗewa 50,000 na farko a kowane wata kyauta ne. Ga ƙaramin kamfani da ba shi da mai kula da sabar, wannan ciniki ne mai ma'ana.

Google Maps lamarinsa daban ne, kuma kuskure ne a auna shi da ma'aunin laburare kawai. Tun 2005 da kamfanin ya buɗe wa magina ƙofa, abin da ya fi kowa da shi bayanai ne: sunayen shaguna da wuraren cin abinci, lokutan buɗewa da rufewa, hotunan Street View, cunkoson ababen hawa a daidai wannan lokacin, da akwatin neman adireshi da ke gane abin da mutum ke nufi ko ya yi kuskuren rubutu. Idan zuciyar manhajarka ita ce mutum ya rubuta sunan wani wuri a same shi, da wuya ka sami abin da ya kai Google a yawancin ƙasashe. Ƙari a kan haka mutane sun saba da kamanninta, ba sai an koya wa kowa yadda ake amfani da ita ba.

Sai dai a shiga da ido a buɗe. A 2018 Google ya sauya tsarin farashinsa, ya wajabta mabuɗi da asusun biyan kuɗi mai kati, ya sa dala 7 a kan kowace buɗewa dubu, tare da rangwamen dala 200 a wata. Shafuka da yawa da suka shekara suna amfani da taswirar kyauta suka wayi gari da taswira mai duhu da rubutun gargaɗi a kanta. A watan Maris na 2025 aka sake sauyawa: aka cire rangwamen dala 200, aka ba kowace hidima nata kason kyauta, inda taswira mai motsi ta samu buɗewa 10,000 a wata. Mu yi lissafi da waɗannan alƙaluma. Shafin da taswirarsa ke buɗewa sau 100,000 a wata zai biya kuɗin 90,000, wato dala 630. A Mapbox, inda dubu hamsin na biyu ke kan dala 5 kowace dubu, dala 250 ne. Wannan kuɗin nuna taswira ne kaɗai, neman adireshi da lissafin hanya kowanne da nasa lissafin. Farashi yana motsi, saboda haka a duba shafin kamfanin ranar da za a yanke shawara, amma darasin 2018 da 2020 ɗaya ne: wanda ke riƙe da tayil ɗinka ko laburarenka yana iya sauya sharaɗi ba tare da ya shawarce ka ba.

Abin da ya fi farashin damuna shi ne sharuɗɗan amfani, domin su ne ba a cika karantawa ba. Google bai yarda ka ɗauki sakamakon neman adireshinsa ka nuna a kan taswirar wani ba. Bai kuma yarda ka tara lambobin wuraren da ya ba ka a rumbun bayananka har abada ba. Na ɗan lokaci ne, iyakarsa kwana 30, sai lambar shaidar wuri kaɗai aka yarda ka riƙe. Ma'ana, dabarar da kan zo wa mutum a rai, ta ya nemi adireshi da Google ya nuna da Leaflet don ya rage kuɗi, ta saɓa yarjejeniya. Wanda ya zaɓi Google ya yi abu biyu tun ranar farko. Ya ƙayyade mabuɗinsa ga adireshin shafinsa kaɗai, domin mabuɗin a fili yake ga duk wanda ya leƙa cikin shafin. Sannan ya sa iyakar adadin kira na kowace rana, wato sau nawa shafinsa zai nemi abu daga Google, don saƙon gargaɗin kasafi sanarwa kawai yake yi, ba ya tsayar da caji.

OpenLayers shi ne dattijo a cikin buɗaɗɗun, kamfanin MetaCarta ya fitar da shi a 2006, aka sake rubuta shi daga tushe a 2014, yana kuma ƙarƙashin inuwar OSGeo, gidauniyar buɗaɗɗun manhajojin taswira. Ga mai son nuna rassan kamfani goma, ya yi yawa. Amma akwai aikin da ba wanda ya kama ƙafarsa. Kusan duk taswirorin intanet suna amfani da tsarin shimfiɗa duniya guda ɗaya, EPSG:3857, wanda ke yanke duniya a wajen digiri 85 arewa da kudu, yake kuma kumbura ƙasashen da ke nesa da layin da ya raba duniya arewa da kudu. Hukumomin safiyo da na filaye da na ma'adinai kuwa galibi da nasu tsarin na ƙasa suke ajiye bayanai, suna kuma rarraba su ta hanyoyin WMS da WFS da WMTS. OpenLayers yana karanta waɗannan duka kai tsaye, yana iya mayar da hoto daga wani tsari zuwa wani a cikin burauza, yana buɗe manyan hotunan tauraron ɗan'adam na GeoTIFF, kuma kayan zana iyaka da gyara ta da manna layi a jikin layi duk a cikinsa suke. Idan masu amfani da manhajarka injiniyoyi ne ko masu safiyo, kada ka wahalar da kanka da liƙa wa Leaflet ƙarin kaya biyar, ɗauki OpenLayers.

Mu koma kan tambayar inda taswirar za ta fito, domin duk wanda ya zaɓi ɗaya daga cikin buɗaɗɗun ukun nan tana jiransa. Kusan kowane darasin Leaflet yana farawa da tayil ɗin OpenStreetMap, sai mutum ya ɗauka kyauta ce mara iyaka. Bayanan OpenStreetMap, aikin da Steve Coast ya fara a Birtaniya a 2004, lallai kyauta ne ƙarƙashin lasisin ODbL, da sharaɗin ka rubuta a jikin taswira cewa daga gare su ka samo. Amma sabar da ke aika tayil ɗin da gudummawa ake tafiyar da ita, tana da ƙa'idar amfani, ba ta yi wa kowa alkawarin kasancewa a kunne ba, kuma ana toshe wanda ya matsa mata. Haka Nominatim, hidimarsu ta neman adireshi: kira ɗaya a daƙiƙa shi ne iyaka, kuma an hana amfani da ita wajen cika wa mutum adireshi yana cikin rubutawa. Don gwaji da ƙaramin shafi babu laifi. Manhajar kasuwanci kuwa bai kamata ta rayu a kan sadakar wasu ba.

Hanyoyin da suka rage biyu ne. Ko dai ka yi rajista da masu sayar da tayil da aka gina daga OpenStreetMap, irin MapTiler da Stadia Maps, waɗanda ke da kason kyauta da farashi bayyananne, ko ka ajiye naka. A da ajiye naka yana nufin sabar mai ƙarfi da rumbun bayanai da mai kula da su. Tsarin PMTiles na aikin Protomaps ya sauƙaƙa wannan ƙwarai: duk tayil ɗin suna cikin fayil guda, ka ɗora shi a ma'ajiyar fayiloli ta yau da kullum irin Amazon S3 ko Cloudflare R2, burauza ta riƙa neman ɗan yankin fayil ɗin da take buƙata kawai. Fayil ɗin duniya gaba ɗaya ya haura gigabait 100, amma kana iya yanko ƙasa ɗaya ko birni ɗaya, wanda bai kai ko kusa da haka ba. MapLibre da PMTiles tare suna ba ka taswirar da babu mabuɗi a cikinta, babu mai ƙirga maka buɗewa, kuɗin ajiya da na zirga-zirgar bayanai kaɗai za ka biya. Lissafin hanya ma akwai buɗaɗɗun injina, OSRM da Valhalla da GraphHopper, sai dai su sabar gaske suke buƙata. Abu ɗaya da ya wajaba kafin ka bi wannan hanya: buɗe OpenStreetMap ka duba yankin da masu amfani da manhajarka suke. 'Yan sa-kai ne ke zana ta, wani birnin an zana shi har lungu da saƙo, wani kuma manyan tituna kaɗai ne. Idan yankinka bai cika ba, duk kyan MapLibre ba zai sa titin da ba a zana ba ya bayyana.

Akwai tarko guda da ke kama kusan duk wanda ya tashi daga wani laburare zuwa wani. Leaflet da Google suna fara rubuta latitud sannan longitud. GeoJSON, wato tsarin rubuta bayanan wurare a fayil, da MapLibre da Mapbox da OpenLayers kuwa longitud suke farawa da shi. Landan tana wajen latitud 51.5, longitud -0.12, ka juya su sai alamarka ta faɗa Tekun Indiya, gabas da Somaliya. Idan kuma ka ga alamomi sun taru a Mashigin Tekun Gini, inda sifili ya haɗu da sifili, to bayanan ne suka zo babu lambobi. Leaflet kansa idan GeoJSON ka ba shi yana juyawa da kansa, abin da ke ƙara rikita mutum idan ya haɗa hanyoyin biyu a manhaja ɗaya. Sauran ƙananan abubuwan kowa zai ci karo da su: akwatin taswira da ba a ba shi tsawo a CSS ba ba ya nuna komai, taswirar Leaflet da aka gina a ɓoyayyen sashe tana fitowa rabi toka-toka sai an kira invalidateSize, kuma burauza ba ta ba da wurin da mutum yake sai shafin yana kan HTTPS. Kada kuma a manta da makafi da masu amfani da maɓallan rubutu na kwamfuta kaɗai: abin da WebGL ya zana manhajar karanta allo ba ta ganinsa, saboda haka duk abin da taswira ta nuna a samar da jerinsa a rubuce a gefe.

Kowanne ka ɗauka, ajiye bayananka a GeoJSON, ka kuma killace duk abin da ya shafi taswira a sashe guda na manhajar, sauran sassan su riƙa ce masa nuna waɗannan wurare, ko matsa zuwa can, ba tare da sun san laburaren da ke ciki ba. Da wannan tsari, tashi daga Mapbox zuwa MapLibre galibi sauya suna ne da adireshin salo, daga Leaflet zuwa MapLibre kuma sake rubuta sashe ɗaya ne da gyara jerin lambobi. Fita daga Google ce ta fi tsada, domin duk lambobin wuraren da ka samo ta hidimarsa ba za su bi ka ba, sai ka sake nemo su daga wani tushe. Idan wuraren naka ne, kamar rassa ko gidaje ko rumbunan ajiya, sa ma'aikatanka su ɗauki lambobin da GPS na wayarsu tun farko, ka adana su a rumbunka.